Yadda ake zaman gida ba talabijin, da abin da zai cike gurbinsa

Cire talabijin daga bango aikin minti goma ne, sukundireba ɗaya da mutum ɗaya da zai tallafe maka ta ƙasa kar ya suɓuce, shikenan. Inda ake shan wuya shine ƙarfe takwas na daren ranar, an gama cin abinci kowa ya dawo falo ya zauna inda ya saba, fuskoki duk sun juya bango ɗaya, hannun maigida yana lalube tsakanin kushin yana neman rimot alhali shi da kansa ya saka shi a kwali da rana. A wannan lokacin ne yawancin masu wannan yunƙuri suke karaya, wasu kwana uku su dawo da akwatin inda yake, wasu kuma basa dawo dashi amma kowa ya zaro wayarsa ya lafe a ƙuryar kujera, toh kaga an gudu ba a tsira ba kenan. Shi yasa abin da zan kawo anan kaɗan ne ya shafi akwatin kansa, mafi yawa akan sa'o'in da ya riƙe ne da kuma abin da zai karɓe su in ya tafi, dan in baka tanadi mai karɓa ba wayar hannu ce zata kwashe su tas.

Kuma tun farko in faɗa, ni ban ce kallo laifi bane, akwai shirye-shirye masu amfani kuma akwai ranar da mutum ya gaji yana son ya yi dariya kawai. Maganar itace wa yake yanke shawarar a zauna kallo, kai ne ko kuwa kasancewar akwatin a gabanka ne.

Mataki na farko: kar ka taɓa komai tukuna, ƙirga

Sati ɗaya ka bar komai yadda yake. Ka ajiye takarda da biro kusa da rimot, duk wanda ya kunna ya rubuta lokaci, in an kashe a rubuta, sannan a ƙara abu ɗaya wanda shi yafi komai muhimmanci: lokacin da ka ɗauki rimot ka san abin da zaka kalla, ko kunnawa kawai kayi ka hau zagayen tashoshi? Ka ba ɗaya daga cikin yara aikin magatakarda, suna son irin wannan aikin sosai kuma basa rufa wa kowa asiri, har kai.

Ƙarshen sati sai a haɗa lissafi. Gidan da ake kallon awa 3 kullum, a shekara awa 1,095 kenan, in ka raba da 24 kwana 45 ne da ɗoriya, dare da rana ba barci. Gidan da ake kunnawa tun safe a barshi yana surutu har dare kuwa lissafinsu ya wuce haka nesa ba kusa ba.

In ka duba takardar da kyau zaka ga kallon ya kasu uku. Akwai kallon niyya, wato wasan ƙwallo da ka san lokacinsa, labaran ƙarfe kaza, fim mai dogon zango da uwargida take bi. Akwai kallon gajiya, mutum ya dawo a galabaice baya son magana baya son tunani, ko me aka sa masa zai kalla. Sai na uku, a kunna a bari, ba mai kallo, ana shara ana girki ana hira shi kuma yana can yana ta yi, wai dan kar gida yayi shiru. Wannan rabe-raben shine taswirarka, dan kowanne da irin maganinsa, kuma galibi zaka tarar na niyyar ne mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Na ukun nan da ake rainawa shi yafi yi wa ƙananan yara ɓarna. Masu bincike a Amurka sun gwada, suka sa yara 'yan shekara 1 zuwa 3 suna wasa a ɗaki, wani lokaci talabijin na kunne da shirin manya wani lokaci a kashe, sai suka ga in yana kunne yaro baya daɗewa akan abin wasa ɗaya, hankalinsa sai ya riƙa yankewa ko da ba kallon yake ba, iyayen ma maganar da suke yi da yaron tana raguwa. Dan haka ko da a ƙarshe ka fasa cirewa gaba ɗaya, wannan na ukun ka kashe shi daga yau, ba wanda zai yi asarar komai.

Mataki na biyu: shawara, ba sanarwa ba

Anan ne magidanta da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Mutum ya karanta wani abu ko ya ji wani jawabi ya ɗau zafi, ya dawo gida ya ce daga yau ba tibi a gidan nan, alhali shi da safe zai fita sai dare, wadda zata wuni da yara suna ja mata zani suna kuka ba a tambaye ta ba. Dokar da aka kafa haka bata kai sati. Ku zauna ku biyu tukuna, yara basa wurin, a ɗora takardar lissafin nan a tsakiya, kowa ya faɗi abin da bazai iya rabuwa dashi ba. In ta ce minti arba'in ɗin da take sa musu katun shine kaɗai lokacin da take samu tayi wanka ta ɗora tukunya, wannan ba gardama bace, matsala ce ta gaske da sai an samo mata mafita kafin a taɓa soket. Haka in ke ce mai son a cire shi kuma maigida ne mai ƙwallo, kar ki fara da cewa ɓata lokaci ne, fara da tambayarsa wasa nawa ne a wata wanda da gaske bazai iya bari ya wuce shi ba, yawanci basu da yawa.

Abu na biyu, a sa wa'adi. Kar a ce har abada, a ce wata ɗaya za a gwada, a rubuta ranar da zai ƙare a kalanda kowa ya gani, ranar za a sake zama kowa ya faɗi ra'ayinsa har yara. Mutum yana iya jure abin da ya san ƙarshensa. Sati ɗaya yayi kaɗan a ganina, dan satin farko duk ƙorafi ne, in ka tsaya anan wahalar kawai ka ɗanɗana baka kai ga daɗin ba. In gidan naku bazai ɗauki wata ɗaya a tashin farko ba, a fara da rana ɗaya a sati, kuma wannan ba sabon abu bane, ƙasar Ayislan gaba ɗayanta tashar talabijin ta gwamnati bata watsa komai ranar Alhamis har zuwa 1987, mutane suka saba ranar ta ziyara da taro ce.

Yara kuma gwargwadon shekarunsu. Ɗan shekara uku baya buƙatar bayani, tibi ya tafi hutu ya ishe shi. Ɗan shekara goma yana buƙatar a gaya masa gaskiya kuma a nuna masa dokar ta hau kan Baba da Mama ma, dan in ya ga an hana shi katun amma Baba yana kwance yana kallon bidiyo a waya har sha biyun dare, ya gama gane cewa hukunci ne aka yi masa ba gyara ba. Matasa 'yan sha biyar zuwa sama kuwa kar ka yi mamaki in suka ɗaga kafaɗa suka ce a cire mana, su dama ba anan suke kallo ba, nasu zancen yana zuwa a ƙasa.

Sai tsofaffi. In akwai kaka ko kakan yara a gidan wanda ƙafa ta yi nauyi, ido baya iya karatu, akwatin nan ne abokin hirarsa da rana, dan Allah kar ka ƙwace masa da sunan gyaran gida. A mayar masa dashi ɗakinsa, a yi yarjejeniya da yara cewa ɗakin Kaka ba sinima bane, in zasu shiga gaisuwa da hira ne.

Mataki na uku: fitar dashi daga ɗakin

Kashewa da rimot ba cirewa bace, rufa masa ƙyalle ma ba cirewa bace, duk abin da danna maɓalli ɗaya zai dawo dashi toh yana nan. A zare shi daga soket, a sauke shi, a naɗe wayoyinsa daban, a cire batiran rimot, a kai shi sito ko saman kabad ko gidan wani ɗan'uwa, ta yadda dawo dashi zai zama aikin da sai an yi niyya an nemi mai taimako. Ka ajiye shi a tsaye a jingine, fuskar tana kallon bango da bargo a tsakani, kar a kwantar dashi a ɗora masa kaya, gilashin baya ɗaukar nauyi.

Ka daidaita ranar farawa da ranar da kuɗin dikoda zai ƙare, dan in da sauran kwana ashirin a ciki wani zai ce ai asara ce a bari ya ƙare tukuna, daga nan an shiga gobe jibi. Manhajojin kallo da ke cire kuɗi da kansu daga kati duk wata, ka shiga ka dakatar dasu da hannunka, goge manhaja daga na'ura baya tsayar da cirar kuɗin, mutane da yawa sun sha biyan watanni basu sani ba.

Kar kuma ka sa ran kuɗin wuta zai faɗi warwas. Talabijin na zamani matsakaici yawanci baya kai wat 100, a ce wat 80 ne yana aiki awa 5 kullum, yunit 12 kenan a wata, ba wani abin a zo a gani bane. Inda ake samun rara na gaske shine kuɗin wata-wata na dikoda da manhajoji, sai kuma kayan da yara suke gani a talla su tasa ka gaba sai ka saya.

Mataki na huɗu: juya kujeru

Wannan ƙaramin aiki ne amma kar ka tsallake shi. Duba falonka, kusan komai an jera shi ne yana fuskantar wuri ɗaya. In ka cire akwatin ka bar kujerun haka, kullum ido zai riƙa sauka akan wani murabba'i mai haske a bango inda fenti bai dushe ba, da ramuka huɗu na ƙarfen da ya riƙe shi, da wata waya tana reto, wannan kaɗai ya isa ya sa kowa ya ji kamar an yi rashi a gidan. Ranar da aka sauke shi ranar za a toshe ramukan, a rataya wani abu ko a jawo kantar littattafai wurin, a juya kujeru su kalli juna, a sa tebur a tsakiya. A gyara haske kuma, dan falon kallo yawanci duhu-duhu ne, ba wanda zai ɗau littafi ko allura a wurin da baya gani sosai.

A teburin nan a bar abubuwa a buɗe inda hannu zai kai ba sai an tashi ba, ludo ko kati ko ces, takardu da fensir mai kala, littafi biyu uku, jarida. Abin da ya ba rimot ƙarfi dama kusancinsa ne.

Mataki na biyar: kowace awa a ba ta mai ita

Koma kan takardarka, bi lokutan ɗaya bayan ɗaya. Kar ka rubuta jerin buri irin zan koyi sabon yare zan fara motsa jiki zan haddace kaza, wannan duk yana da kyau amma ba shi zai cece ka ƙarfe takwas na dare kana gajiye ba. Abin da zaka rubuta shine: lokaci kaza da muke kunnawa, yanzu ga abin da za a yi.

Safiya da surutun cika gida, rediyo ta gama maganinsu. Rediyo bata kama ido, kana aski kana guga kana haɗa wa yara jaka kana jin labarai, kuma in shiri ya ƙare ka san ya ƙare. Ka sayi ƙaramar rediyo ta gaske mai batir, ba ta cikin waya ba, dan ta cikin waya kana zuwa canja tasha zaka ga saƙo ya shigo, shikenan an tafi. Tana da wani amfanin ma, ranar da aka samu ambaliya ko guguwa ko wani abu ya faru wuta ta ɗauke intanet ya yanke, ita zata gaya maka halin da ake ciki.

Lokacin da yara suka dawo makaranta, da lokacin da uwa take son ta samu sararin aiki, nan ne gwajin gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2019 ta ce jarirai da 'yan shekara 1 kar a zaunar dasu gaban allo sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma yafi. Faɗa da sauƙi, amma mai goyo da ɗan shekara uku a gefe ta san abin da ake ciki. Abin da na ga yana aiki shine a haɗa kwali ɗaya na musamman wanda ba a fito dashi sai a wannan lokacin kaɗai, robobi da murafensu, cokula, tsofaffin kwalaye, tsummoki masu kala, abin ginawa, in lokacin ya wuce a tattare a ɓoye, dan abin wasan da yake zube kullum a ƙasa yaro baya ganinsa. A kula kar a sa ƙananan abubuwa da zai iya haɗiyewa. Ko kuma a jawo shi kusa da inda ake aikin a ba shi nasa, ɗan kwano da ruwa kaɗan ya wanke cokali, aikin zai ɗan yi jinkiri kuma ƙasa zata jiƙe, amma zai zauna.

Manyan yaran kuma zasu zo su tsaya a kanka su ce Baba mun gaji da zama ba abin yi. Kar ka rikice ka fara zayyano musu abubuwa goma, kar kuma ka ji tausayi ka miƙa waya. Ka ce toh, ka ci gaba da abin da kake. Za a yi ƙunƙuni, za a yi kwanciya a ƙasa ana shure-shure, za a yi faɗa da ƙani, wannan duk yana cikin lissafi kuma a kwanakin farko faɗan zai ƙaru ba raguwa ba, gara ka sani tun yanzu. Amma in aka jure, bayan ɗan lokaci sai ka ji shiru, ka leƙa ka tarar an kife kujeru an rufa zanin gado an yi tanti, ƙaramar tana ciki tana sayar wa yayanta tikitin shiga da guntayen takarda. Wannan baya zuwa sai an bar su sun gaji da zaman tukuna, in ka cike musu kowane gurbi ka zama kai ne sabon talabijin ɗin.

Kuma a fita waje. Akwai wani bincike da aka yi a Kanada da ya dace da wannan, a 1973 masu bincike daga Jami'ar British Columbia ƙarƙashin Tannis MacBeth Williams suka samu wani gari a cikin kwari da siginar talabijin bata kai masa, suka yi masa laƙabi da Notel, suka nazarci mutanensa dab da zuwan talabijin, sannan suka dawo bayan shekara biyu. Cikin abin da suka tarar, halartar wasanni da tarukan gari ta ragu, musamman a wurin manya da tsofaffi, faɗa da zage-zage tsakanin yara a filin wasa kuma ya ƙaru. Abin lura anan shine yawancin lokacin da akwatin ya ci, daga fita da haɗuwa da mutane ya ciro shi, dan haka in ka cire shi ka ce kowa ya zauna a falo yayi karatu kullum, ka mayar da lokacin inda ba daga nan aka ɗauko shi ba. Zagayen unguwa da yamma, ziyarar 'yan'uwa, filin ƙwallo, laburare in akwai kusa, a sa su cikin sati.

Sai kallon gajiya na dare, wanda shine na manya kuma shi yafi wuyar magani. Gaskiyar da ba a son ji itace rabin wannan kallon barci ne jiki yake nema ake hana shi. In ƙarfe tara da rabi ta yi ka ji ba abin da kake iya yi, toh ka je ka kwanta, satin farko zaka ga kana barci da wuri har ka fara tunanin ko baka da lafiya, lafiyarka ƙalau bashi ne kake biya. Sauran rabin kuma a nemo masa abin da baya buƙatar ƙwaƙwalwa: shirin rediyo, littafin sauraro, labari mara nauyi, saƙa, gyaran wani abu da ya lalace, ko zama a waje ana shan iska. Karanta wa yara labari ko yi musu tatsuniya kafin barci yana cin minti ashirin kuma in suka saba su zasu riƙa tuna maka. Ma'aurata kuma su shirya, hira zata dawo, kuma ba duka ce mai daɗi ba, akwai maganganun da aka shekara ana turawa gaba da sunan bari a gama wannan shirin, yanzu ba inda za a ɓuya.

Mataki na shida: waya, wadda in ba a kula ba ita zata ci gadon

Ra'ayina anan a fili yake: in zaɓin shine iyali su zauna su kalli akwati ɗaya tare suna dariya suna musu, ko kuma kowa ya shige ɗaki da wayarsa, toh a bar talabijin ɗin yafi alheri sau goma. Shi aƙalla kana ganin abin da yaronka yake kallo, shiri yana ƙarewa, kuma baya bin ka gado da banɗaki.

Dan haka tun a satin ƙirga ka duba lissafin wayarka. Wayoyin Android suna da Digital Wellbeing a cikin saitin, iPhone kuma Screen Time, duk suna nuna awa nawa kayi a rana da kuma manhajar da ta cinye. Rubuta lambar, ta kowa da kowa a gidan. Duk ƙarshen sati a sake dubawa, in talabijin ya tafi da awa uku waya ta ƙaru da awa uku toh ba abin da aka yi sai canjin girman allo.

A ware wuri ɗaya na caji a falo ko wani lungu, ba ɗakin kwana ba, daga lokaci kaza na dare duk wayoyi suna can, a bar ƙarar kira a buɗe saboda gaggawa. Masu cewa ai da ita nake tashi da safe, agogon ƙararrawa yana nan ana sayarwa. A shiga YouTube da Netflix a kashe abin nan da ke sa bidiyo na gaba ya fara da kansa, a kashe sanarwar duk manhajar da ba mutum ne yake nemanka kai tsaye ba. Manhajojin gajerun bidiyo irin TikTok a cire su na tsawon watan gwajin, ko a sa musu iyakar minti a cikin saitin ɗin nan, kuma lambar sirrin iyakar ka ba matarka ko mijinki ya riƙe, dan wanda ya san lambar da kansa zai ƙara wa kansa lokaci. Wasu suna mayar da fuskar wayar baƙi da fari da dare, yana rage kwaɗayin kallo sosai. Wurin cin abinci kuma ba waya, kuma babba ne zai fara ajiyewa.

Matasa a zauna dasu a yi ciniki, su faɗi lokacin da suke ganin adalci ne, a ɗan ja a ɗan saki, dokar da suka sa baki a cikinta sun fi kiyaye ta.

Mataki na bakwai: kallon niyya yana nan, an sa masa ƙofa ne kawai

Wasan ƙarshe na Kofin Duniya ba wanda ya ce kar ka kalla. Ka je gidan aboki ko inda ake taruwa, dama yafi armashi cikin mutane. Fim kuma a sa masa rana, a zaɓe shi tun kafin a zauna, a fito da kwamfutar tafi-da-gidanka a ɗora a tebur, a kalla tare, in ya ƙare a rufe a mayar jaka. Sharaɗin biyu ne, a san abin da za a kalla kafin a buɗe, kuma na'urar ta koma ma'ajiyarta. Masu sayen majigi su lura, in aka kafe shi a silin aka bar rimot akan tebur toh an sayi talabijin ne wanda yafi na da girma.

Labarai kuma zaka ga baka rasa komai ba, rediyo da safe da karanta jarida ɗaya ko biyu da ka yarda dasu ya wadatar, abin da ya ragu kawai shine ganin labari ɗaya ana maimaita shi sau ashirin da jan rubutu a ƙasa.

Baƙi zasu tambaya, wasu da tausayi kamar wani abu ya same ku, wani ma zai ce akwai ɗaya a gidansa da baya amfani dashi bari ya aiko. Ka ce mun ajiye shi ne muna gwada zama haka, ka canja zance. Kar ka hau yi wa mutane huɗuba a kan illar kallo, ba abin da ke sa a tsani mai sabon hali kamar wannan. Yaranka kuma zasu kalla a gidan maƙwabta da gidan kakanni, ka bar su, gidan wani ba dokarka, sai dai in ka ga sun mayar da can wurin zama kullum, sai ka rage zuwan kuma ka duba me ya rasa a naka gidan a wannan lokacin.

Ranar da wa'adi ya cika

A zauna kamar yadda aka yi alkawari, ko da kana tsoron abin da za a ce. A fito da takardar farko da lambobin waya, a tambayi kowa me ya fi kewa, me kuma baya so a rasa cikin sabon zaman. In an yarda a dawo dashi ba faɗuwa bace, amma ya dawo da sharaɗi: ba ɗakin kwana ba, ba lokacin cin abinci ba, ba a kunna a bari, kuma kujeru su zauna yadda aka juya su. In an yarda a ƙara wata biyu a ƙara. Sai an yi wata uku ba wanda ya tambaye shi sannan a yi maganar rabuwa dashi, kar a yi gaggawar sayarwa a dawo ana sayen sabo.

In za a sayar ko a bayar, talabijin mai intanet kwamfuta ce, akwai asusunka na imel da na manhajoji da lambar sirrin wayifai a ciki, wani lokaci har bayanan kati. Ka fita daga kowane asusu ɗaya bayan ɗaya, sannan ka shiga saitin ka mayar dashi yadda ya fito daga kamfani. Irin waɗannan na'urori suna tattara bayanan abin da ake kallo, a 2017 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Vizio mai sayar da talabijin biyan dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da izinin masu su ba. Ka duba dokar ƙasar da kake kuma in ana biyan kuɗin lasisin kallon talabijin, a Birtaniya ko a waya ka kalli shiri kai tsaye sai da lasisi, a Jamus kuwa tun 2013 kowane gida yake biya ko da akwati ko babu.

In kuma ya lalace ne ko tsoho ne da ba mai so, kar a jefa shi bola kar a ƙona shi, kar kuma a bar yara su fasa su ga abin da ke ciki. Tsofaffin nan masu ƙaton baya gilashinsu akwai darma a ciki kuma suna iya riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare su daga soket, masu faɗin fuska na farko-farko kuma fitilun bayansu akwai sinadarin makuri mai guba. A kai wa mai gyara ya ciri abin da zai yi masa amfani, ko wurin da ake karɓar tsofaffin kayan lantarki in akwai shi a inda kake.